Gidan da Aka Rubuta Babu Kowa

Shafi na 23

Na ga saƙonninku, har da na baiwar Allahn da ta ce za ta biyo ni gida idan na sake jan rai. Ki zauna inda kike, layinmu ma yanzu da ƙofar ƙarfe. Masu hawan jini kuma su fara shan maganinsu kafin su karanta, kada a ce ni ce.

*

Ƙarfe sha ɗaya saura kwata Sakatariya na tsaye bayan kanta a shagonta na magani, tana zuba ƙwayoyin zazzaɓi a leda, rabi na shiga rabi na zubewa ƙasa.

Tun da aka kafa kwamitin tsaron unguwa ita ce mai rubutu, shi ya sa sunan ya bi ta. Ita ce ma ta kawo shawarar da kowa ya tafa wa: duk wanda zai yi tafiya ya gaya mata, ta rubuta lambar gidansa, ta miƙa wa mutum uku, domin 'yan sintiri su riƙa leƙawa. Mutum ukun su ne Shugaban kwamiti, da Mai Walda da ke kula da ƙofar layi, da Kwamanda, shugaban 'yan sintiri, wanda yake yayanta uwa ɗaya uba ɗaya.

Sai ga shi cikin wata biyu an fasa gida shida da rana tsaka, kuma duk shidan suna cikin takardarta. A na shidan ne ɓarayin suka ci karo da mai gidan, wani mai aski, ya dawo ɗaukar almakashin da ya manta. Har yau yana kwance a asibiti, hannun damansa ba ya motsi.

Wannan ne ya sa ran Litinin ta rubuta takardu uku daban-daban. A kowace ta saka gida ɗaya na ƙarya, daga cikin gidajen haya da mijinta ke riƙe da makullansu, waɗanda ta san babu ko tsintsiya a ciki. Ta rubuta cewa sabon ɗan haya ya zuba kaya ya tafi ɗauko iyali, zai dawo ran Alhamis. Gidan da aka fasa a cikin ukun, shi zai nuna mata mai kai labari.

Yau Laraba. In za su zo, yau ne.

Ba ta gaya wa kowa ba, har mijin. Shi kuwa Dillali mutumin kirki ne, amma in ka ba shi sirri da safe, kafin azahar mai faci ya ji, mai faci kuma ya fi rediyo.

Kamar an kira shi sai ga shi ya ɗaga labule, tarin makullai na ƙara a ƙugunsa.

"Maman Lauya, taimaka min da maganin ciwon kai. Mai Waldan nan naku tun safe yake yanka ƙarfe a cikin ƙwaƙwalwata."

Ta ɓallo masa biyu ba tare da ta kalle shi ba.

"Ki ce masa a taron kwamiti, tsaro ai har da na kunne." Ya watsa ƙwayoyin a baki ya kora da ruwa. "Ni ma da sauƙi. 'Yarki na samu ta cusa auduga a kunne, ta tasa littafi a gaba tana hawaye. Jarrabawa jibi, ga wannan masifa."

"Ta yi haƙuri, ƙarfe biyu zai tashi."

"Ai na gama da wannan matsalar." Ya bugi ƙirji yana murmushi. "Ina amfanin uba dillali? Makulli na zare na ba ta, na ce je ki inda ko ƙuda ba zai dame ki ba."

Ledar ta suɓuce daga hannunta.

"Wane makulli?"

"Na lamba sha huɗu mana, na bayan tsohon gidan mai. Ga iska, ga shiru, maƙwabta duk ma'aikata ne sai yamma..."

"Me ka ce?"

"Lamba sha huɗu. Lafiya kike kallona haka?"

Lauya, 'yarta tilo, shekara sha shida, wadda aka laƙaba wa sunan saboda ba a kayar da ita a musu, tana zaune ita kaɗai a gidan da uwarta ta rubuta da hannunta cewa babu kowa sai kaya.

"Tun yaushe?"

"Tun wajen tara."

Ta wawuri wayarta tana neman lambar yarinyar. Ta kara a kunne.

Sai waya ta fara ruri a aljihun Dillali.

Ya zaro ta a hankali, murmushin ya soma gudu daga fuskarsa. "Na karɓe... na ce kada ta je can ta zauna latse-latse."

"Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Ka kashe ni, Baban Lauya. A'a, ni na kashe kaina."

"Wai mene ne? Yi min magana!"

Ta gaya masa, a tsaitsaye, kalma na hawa kan kalma. Takardu uku. Gidaje uku. Yau ce rana ta ƙarshe.

Ya tsaya baki buɗe, sannan ya daka mata tsawar da bai taɓa yi ba tun aurensu. "Da makullaina kika ɗana tarko ba ki gaya min ba?"

"Da na gaya maka da yanzu duk unguwa ta ji!"

"Da 'yata ba ta can!"

Gaskiyarsa ce, kuma gaskiyar ta fi mari zafi.

Ya juya zai fita da gudu, ta riƙo rigarsa. "Don girman Allah kada ka faɗa musu kai tsaye. Ka tuna mai aski. Ka kira 'yan sanda kana tafe, in ka isa ka tsaya a bakin layi. In ka ga ƙofa lafiya, ka fito da ita."

"Ke fa?"

"Akwai inda zan je."

"Wa kika ba takardar da ke da lamba sha huɗu?"

Ta saki rigar.

"Maman Lauya, wa kika ba?"

"Je ka kawai."

Daga shagon zuwa lamba sha huɗu tafiyar minti ashirin ce, sai an tsallaka babban titi, motar Dillali kuma tana gareji tun makon jiya. Daga shagon zuwa ɗakin gadi minti biyu ne. Ko rufe ƙofa ba ta yi ba, takalmi ma ƙafa ɗaya nata ne ɗaya na yarinyar shago.

Tana gudu tana roƙon Allah ya sa ba yayanta ba ne. Ranar da ta miƙa masa takardar nan har kunya ta ji. Ta saka shi a lissafin ne kawai don kada zuciyarta ta ce ta yi son kai. Ta fi zargin Mai Walda, mai yawan sababbin takalma.

*

Ɗakin gadin na kwano ne, jingine da ƙofar ƙarfen layi. Benci ɗaya, fanka mai kuka, sanduna huɗu a kusurwa, usur rataye a ƙusa, sai baƙin allo da ake rubuta rabon sintiri da alli.

Kwamanda na zaune shi kaɗai, ya cire hula ya ɗora a gwiwa, yana kurɓar shayi.

"A'a, Auta! Wa ya biyo ki? Ji takalmanki kamar mahaukaciya sabon kamu."

Ba ta yi dariya ba. Idonta na kan allon.

"Yaya, ina yaranka?"

"Suna zagaye."

"Ina?"

"Ga shi nan kina gani. Ɓangaren kasuwa."

"Su duka biyun? Daga sha ɗaya zuwa ɗaya?"

"An ce an ga baƙin fuska a can."

"Wa zai duba bayan tsohon gidan mai?"

Ya ajiye kofin a hankali. "Yau kuma aikina kika zo koya min?"

Ta tura ƙofar kwanon ta rufe. Ɗakin ya yi duhu-duhu, zafi ya taso.

"Ranar da aka fasa gidan malamar asibiti, ina ka tura su?"

"Na manta."

"Kasuwa. Ranar gidan mai aski fa?"

"Auta."

"Kasuwa, Yaya. Ni ke kwafe allon nan duk Juma'a. Na gani tun tuni, na ce wa kaina ai dacewa ce."

Ya miƙe. Dogo ne, kansa na kusan taɓa kwano, kuma ko yanzu da furfura ta fara cin gemunsa, in ya tsaya a kan mutum sai gwiwa ta yi sanyi.

"Faɗi abin da ya kawo ki. Fito da shi fili in ji."

Wannan mutumin ne ya goya ta zuwa makaranta shekarar da mahaifinsu ya rasu. Shi ya bar karatu ya shiga dako don ita ta ci gaba. Kantar shagonta ma shi ya buga da hannunsa.

"Kai kake ba su lambobin gidaje?"

Ya tako zuwa gabanta.

"Sake faɗa."

"Kai ne?"

"Ni?" Ya nuna ƙirjinsa, muryarsa ta yi ƙasa, wadda ta fi tsawarsa ban tsoro. "Ni kika kalla kika kira ɓarawo? Ni da rana ke ƙare wa a ka ina gadin gidajenku, kuna cikin fanka? Ke, Auta? Da Inna na da rai za ki iya maimaita wannan a gabanta?"

"Yaya, ba ni da lokaci..."

"Fita."

"Ka saurare ni..."

"Na ce fita! Daga yau ba ki da wa, ni ma ba ni da ƙanwa. Ki je ki gaya wa Shugaban naku ya zo ya karɓi usur ɗinsa."

Ya kama ƙofar zai buɗe. Har ga Allah a wannan lokacin ta so ta yarda da shi. Idonsa ya yi ja, irin na wanda aka zalunta. Da wata rana ce da ta durƙusa ta ba shi haƙuri ta koma shago tana zagin kanta.

Ta durƙusa ɗin, amma ƙafarsa ta riƙe.

"In ba kai ba ne, ka tsine min, na yarda, har in mutu kada ka sake min magana. Amma in kai ne, ka kira su yanzu. Lamba sha huɗu babu ɗan haya. Babu kaya. Ƙarya na rubuta maka."

Ƙafar da ta riƙe ta daina motsi.

"Takardarka daban, ta Shugaba daban, ta Mai Walda daban. Kai kaɗai ka san da lamba sha huɗu."

"Tarko kika ɗana min." Ya yi wata dariya marar daɗi. "To sai ki jira ki gani. Gidan da babu kowa, in an fasa, in ba a fasa ba, ina ruwana?"

"Akwai mutum."

"Kin ce..."

"Lauya na ciki."

Ta ɗago ta dube shi, kuma abin da ta gani a fuskarsa ya fi duk wata amsa.

"Babanta ya ba ta makulli ta je karatu. Bai sani ba. Tun tara tana can, ita kaɗai, ko waya babu a hannunta."

"Ƙarya kike." Ya girgiza kai. "Wani tarkon ne."

"Wallahi tallahi, Yaya. In na yi maka ƙarya kada Allah ya nuna min ita."

Ya dubi agogon hannunsa. Ita ma ta duba. Sha ɗaya da minti goma.

Hular ta faɗi ƙasa bai lura ba. Ya tsugunna, ya zura hannu ƙarƙashin benci, ya jawo gwangwanin da suke tara matattun batiran tocila. Ya kife shi. Batira suka watse, a tsakiyarsu wata 'yar ƙaramar waya baƙa, naɗe a leda.

Sakatariya ta toshe bakinta da hannu biyu. Ta zo nan tana zarginsa, amma ashe can ƙasan ranta ba ta taɓa yarda ba. Sai yanzu.

"Yaya..."

"Yi min shiru."

Wayar ta ɗauki shekara kafin ta kunnu. Ya shiga danna ƙananan maɓallan da manyan yatsunsa.

"Me ya sa? Me muka yi maka?"

"Kin manta taron watan uku?" Bai ɗago ba. "Wata biyar ba a ɗauki ko bokiti a unguwar nan ba. Sai Shugaba ya miƙe ya ce tunda an samu lafiya a sallami 'yan sintiri, ƙofa ta isa. Kowa ya tafa. Ke kika rubuta."

"Shi ne ka..."

"Gida ɗaya na ce. Ɗaya tak, don a tuna da amfaninmu. Na ce kada su taɓa kowa." Ya kara wayar a kunne. "Da aka yi na farko sai suka ce sun ɗauki muryata. In na tsaya, su aika wa kwamiti."

"Mai aski fa? Shi ya yi maka aski ranar aurenka!"

"Na ce ki yi shiru!"

Ɗakin ƙarami ne, tana jin rurin wayar daga inda take. Ɗaya. Biyu. Uku. Har ta katse.

"Ba su ɗauka ba," ta ce. "Wataƙila ba su je ba. Ko? Wataƙila sun fasa."

Ya sauke wayar daga kunne.

"Yaya, ko sun fasa?"

"In suna hanya suna ɗauka." Ya juyo ya dube ta. "In sun shiga ne ba sa ɗauka."

Ta miƙe za ta fita, ya fizgo ta.

"Ina za ki? Ki je ki yi musu ihu a ƙofa? Su uku ne, kuma ɗayansu, Guntu, ba ya tunani in ya tsorata. Shi ya sari mai aski."

"Babanta ya tafi can. Na ce ya kira 'yan sanda."

"Kin ce ya yi me?" Ya dafe kai. "Auta, kin san abin da za su yi in suka ji jiniya suna ciki da yarinya?"

Ya sake dannawa. Ruri. Ruri. Ta katse.

Ya sake.

Gumi na ɗiga daga gemunsa. Tana jin yana karanto addu'a ƙasa-ƙasa, shi da ya aiko su, kuma ta rasa ko ta shaƙe shi ko ta ce amin.

A ruri na huɗu aka ɗauka.

Ya ɗora yatsa a leɓe yana zare mata ido, ya matso da wayar tsakaninsu.

"Kwamanda." Murya ce siririya, mai haki. "Ba mu ce kada ka kira muna aiki ba?"

"Guntu, ku fita daga gidan nan. Yanzu."

"Ai dama fita za mu yi. Wane irin aiki ka ba mu? Gida fayau, ko labule babu. Ina kayan?"

"An samu kuskure. Ku bar komai ku fita ta baya."

"Kuskure kam an samu. Ka ce babu kowa."

Sakatariya ta cusa gefen mayafinta a baki ta cije.

"Wa kuka gani?" in ji Kwamanda.

"Wata yarinya da littattafai. Ga ta nan a hannuna, ina ɗaure ta. Sai tambaya take wai mun san hukuncin abin da muke yi. Ke, tsaya mana!"

Aka ji wani ɗan ƙara, irin na wanda aka murɗe wa hannu.

Nan Kwamanda ya manta da komai. Ya manta da hankali, ya manta da yatsan da ya ɗora a leɓe. Ya buɗe murya gaba ɗaya, muryar da duk unguwa ta sani, wadda kwanon ɗakin sai da ya amsa.

"Kada ka taɓa ta! Wallahi in ka ƙwarzane ta sai na binne ka da hannuna! Sake ta na ce!"



Sai wata ƙaramar murya daga can cikin wayar, tana rawa, amma sarai.

"Kawu?"

Kwamanda ya sandare.

"Kawu, kai ne? Kawu, ka san su?"

Sakatariya ta fizge mayafin daga bakinta. "Lauya! Lauya, ga ni nan, Mama ce, kada ki..."

Ya toshe mata baki da tafinsa, amma ya makara.

Da Guntu ya sake magana, hakin ya tafi, muryarsa ta kwanta lumui.

"Kawu. Da Mama. Ashe taron dangi ne."

"Guntu, saurare ni, yarinya ce, ba za ta faɗa wa kowa ba, ni zan..."

"Fuskokinmu a rufe suke, Kwamanda. Ba ta san kowa ba. Ɗaure ta kawai za mu yi mu ja mata ƙofa, minti biyu ya rage mu fita." Ya ja numfashi. "Da ba ka kira ba."

"Guntu!"

"Yanzu ta san wanda ya aiko mu, ta kuma ji sunana a bakinka."

Suka ji ya juya yana magana da wani, nesa da wayar.

"Kawo motar ƙofar baya. Da ita za mu tafi."

Ƙit.